Allunan Kawu Rabin-Bango

Tana 'yar shekara bakwai ta fara jin sunan, kuma cikin faɗa ta ji shi. Mama ta sa ta sharar ɗaki, ta share daga bakin ƙofa zuwa gindin gado, sai ta hango tururuwa sun taru suna jan fiffiken kyankyaso. Ta ajiye tsintsiya ta tsuguna kallo. Mama ta shigo ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Sannu da aiki, Rabin-Bango. An gama ke nan?"

A lokacin ta ɗauka Rabin-Bango wata dabba ce mai son jiki, irin masu kwanciya a rana su lumshe ido. Daga baya ta lura duk dangin haka suke yi wa juna. Wanda ya wanke tukunya ya bar murfi, Rabin-Bango ne. Wadda ta zauna kitso ta tashi da gefe ɗaya a tsefe, ita ma haka. Sai da ta kai shekara goma sha biyu, wata rana tana biye da kawunta a titi yana riƙe mata jakar makaranta, wani mai gyaran babur ya ɗago kai ya ce, "Rabin-Bango, kwana biyu." Kawu ya ɗaga masa hannu ya amsa, ko a jikinsa. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ashe zagin da ake yi musu a gida yana da ƙafafu, yana da hula, kuma yayan Mama ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ita ma tana da nata sunan. Tarihi ake ce mata, saboda wani littafi mai kauri da ta fara cikawa tun tana aji biyu a sakandare: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace shekara aka yi wa Kaka aikin ido, wa ya fara kawo firiji cikin dangi. Hotunan gidan duk suna wurinta cikin gwangwanin biskit. In gardama ta tashi a kan wanda ya girmi wani, ita ake bugo wa waya. Ba ta taɓa rubuta abin da ba ta tabbatar ba. In mutum biyu suka saɓa, sai ta nemo na uku. Shi ya sa shafin Kawu ya fi kowanne ba ta wahala.

Ga abin da ta tabbatar. Shi ne babba a ɗakinsu. Ya bar makaranta a aji huɗu na firamare ya bi wani tsohon mai fenti, ya yi shekara uku yana wankin buroshi da kankare tsohon fenti kafin a yarda ya tsoma rola a bokiti. Ya yi aure sau ɗaya, suka haifi ɗa ɗaya, matar ta rasu yaron yana sakandare. Masu gidaje sun san shi da abu biyu. Na farko haɗa launi da ido. Mace za ta kawo masa ƙyallen labule, ya kalla, ya tambaye ta ta wane gefe rana ke shigo mata ɗaki, sai ya zuba wannan ya ɗiga wancan ya juya da sanda, abu ya fito daidai. Na biyu, fentinsa ba ya hawaye. A bakin masu fenti, hawaye shi ne ɗigon da ke gangarowa a jikin bango in an cika wa buroshi ciki, ya bushe a haka. Kawu ya haura shekara arba'in yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa nuna hawaye ɗaya a bangon da ya shafa.

Sunan kuwa a wani ofis ya samo shi, bene mai hawa huɗu da ake wa sabon fenti. An ba shi bangon matakala, daga ruwan toka za a mayar da shi ruwan madara. Ya faro daga sama kamar yadda ake yi, ya gangaro har hawa na biyu, ya kai tsakiyar bangon da ke kallon wata doguwar taga. Sai ya sauko daga tsani ya zauna a kan matakala. Ɗan kwangila ya zo ya same shi zaune, rola tana bushewa a tire.

"Lafiya, malam? Jiki ne?"

"Lafiya lau. Ya ƙare ne."

"Me ya ƙare? Ga bokiti nan a cike."

"Bangon."

Waɗanda ke wurin sun ce ya nuna musu yadda hasken tagar ya faɗo a karkace, ya ratsa daidai inda sabon launi ya haɗu da tsoho, inuwar ƙarfen matakala ta hau kansu su biyu. Ya ce in aka ƙara shafa ɗaya an ɓata. Ɗan kwangila ya kalli bangon, ya kalli Kawu, ya ce ya tattara kayansa. Wani ya ƙarasa aikin cikin awa ɗaya. Bayan haka Kawu ya ƙara shekara ashirin yana hawa tsani, bai sake barin bango a rabi ba ko sau ɗaya, amma suna ya riga ya zauna.

Mutum uku Tarihi ta tambaya wannan labari, duk bakinsu ya zo ɗaya. Wanda zai gaya mata abin da ya gani a bangon ne ba ta samu ba.

Gidan da aka haifi su Mama an rushe shi tun kafin a haifi Tarihi, lokacin da aka faɗaɗa titi. Ba shi da hoto ko ɗaya. A gwangwanin biskit akwai hoton Kaka zaune a kujera da ɗan gefen ƙofa a bayanta, shi ke nan. Mama ta ce a shekarar da aka rushe gidan ne yayanta ya fara kwaso tarkace daga wuraren aiki: ragowar fenti a gindin gwangwani, da allunan silin da kafintoci suka rage, irin masu tsawo da faɗi ɗaya, ƙafa huɗu-huɗu. Ya share ɗakin baya na gidansa ya zuba su. Da safe yakan shiga ya rufe ƙofa, wai kada ƙura ta hau ɗanyen fenti, don haka ba wanda ya taɓa ganin yadda yake yi. Sai dai bayan wasu watanni a ga allo ya ƙaru a jingine.

Da ta gama sakandare, Tarihi ta riƙa zuwa wurinsa da yamma, littafi a hammata, don shi kaɗai ya rage cikin manya. Yakan shimfiɗa mata buhu a kan gwangwanin fenti ta zauna.

"Kawu, wace shekara Kaka ta rasu? Mama ta ce shekarar da aka haifi yayana, Baba ya ce bayanta da ɗaya."

"Lokacin lungun kicin yana kore."

"Shekarar nake tambaya."

"Ai ita nake gaya miki. Kore ne mai ɗan toka-toka, ni na haɗa. Da ta kwanta ciwo ta ce yana sa ta jin sanyi. Na yi niyyar canzawa, ban samu sarari ba."

Ta rubuta "kore" da fensir, ta zuba wa kalmar ido, ta goge.

Allunan kuwa ba mutum a jikinsu, ba itace, ba tsuntsu. Launi ne shimfiɗe, sai miƙaƙƙun layuka kamar gefen ƙofa, ko wani karkatacce kamar ƙarƙashin matakala. Wani allon yawancinsa ruwan ƙasa ne, sai wani siririn fari ya tsaga shi kamar ƙofar da ba a ja ta rufu ba. Wani shuɗi ne a kan shuɗi, sai ka matsa kusa ka ga ashe kala uku ne ko huɗu. Ta taɓa tambayarsa.

"Kawu, wannan hoton mene ne?"

"Me kika gani?"

"Fenti."

"To kin gani daidai."

Wata rana kuma shi ya tambaye ta. Ya ce ɗakin nan da suke zaune a ciki, ina yake. Ta miƙa hannu ta dafa bango ta ce ga shi nan.

"Wannan ai bulo ne da siminti. In na rushe shi na tara bulon a tsakar gida, ɗakin ne a tare a can?"

"A'a."

"To ina ya tafi?"

"Kawu, ni fa ba a koya mana wannan ba."

"Ni ma ba a koya mini ba, 'yar ƙanwata. Shekara ashirin ke nan ina nema." Ya nuna mata bangon da ta dafa. "Kuma duba nan. Da safe fari ne, yanzu ruwan ƙwai, in hadari ya taso ya koma toka. Mai gida ya ce in shafa masa fari, na shafa, ya yi godiya. Wanne na shafa masa a cikin ukun?"

Takan koma gida kanta a ɗaure. Mama ta kalle ta ta ce, "Na gaya miki ki riƙa zuwa da sassafe, kafin ya shaƙi warin fentin nan."

Ya rasu bayan jinyar kwana huɗu, ciwon ƙirji. Tarihi ta rubuta rana da wata da shekara, wannan kam ba ta buƙaci tambayar kowa ba.

Ɗansa shi ma mai fenti ne, amma da injin feshi yake aiki, har Mai Feshi ake kiransa. Gidan da ubansa zai yi mako biyu a ciki, shi kwana biyu ya fito. Sun sha faɗa a kan haka. Kawu yakan ce inji yana zuba launi amma bai san inda taga take ba, ɗan kuma ya ce taga ba ta taɓa kawo masa ƙara ba. Wata uku bayan rasuwar, Mai Feshi ya kama shago zai buɗe wurin sayar da fenti. Shagon kwano ne tsirara a sama, da rana kamar tanda. Kafinta ya auna ya ce allon silin talatin zai rufe shi. A ɗakin baya kuwa akwai talatin da ɗaya.

Ranar wata Talata ya zo falon Mama ya faɗa. Ya ce allunan gwaji ne, kowane mai fenti yana da inda yake gwada launi kafin ya hau bango, na babansa dai sun yi yawa ne. Ranar Asabar da safe zai fesa musu fari, kafinta ya kafa.

Mama ta murza zoben hannunta. Can ta ce, "A tambayi Tarihi. In abin ajiyewa ne ita za ta sani."

"To, Hajiya Tarihi," in ji Mai Feshi, "a duba mana littafi. Shafi na nawa?"

Tarihi ta auna abin a ranta. In ta ce gwaji ne, ranar Asabar aikin shekara ashirin zai koma fari fat cikin rabin awa, kuma da bakinta. In ta ce abin ajiyewa ne, za a tambaye ta mene ne, ita kuwa ba ta sani ba, kuma ba ta saba faɗin abin da ba ta sani ba. Ta ce a ba ta zuwa Asabar.

Washegari ta ɗauki hotunan allunan a waya ta tafi tsohuwar makarantarsu, wurin malamar zane, wadda ta taɓa ba ta maki huɗu cikin goma a zanen kofi. Malama ta karɓi wayar ta kalla. Ta juya ta a kwance, hoton ya juyo tare da ita. Ta sake juyawa, ya sake biyo ta. Ta yi tsaki ta miƙa wayar ta ce gobe bayan an tashi a kai ta ta gani da idonta.

Ranar Alhamis Mai Feshi ya buɗe musu ɗakin ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makulli. Malama ta fi rabin awa tana jan allo tana ja da baya, tana matsowa har hancinta ya kusa taɓa fenti. Da ta yi magana, kamar a aji ta yi ta. Ta ce masu zane na wannan zamani da yawa sun daina zana fuskar mutum da kwandon lemo. Abin da magini ya sani suke ɗauka, wato kusurwa da ƙofa da inda haske ke shiga, su haɗa da abin da launi ke yi wa zuciya, su yi tambaya da shi su bar mai kallo da neman amsa. Ta ce har da falsafa a ciki, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru a jami'a kafin hannunsu ya kai nan.

"Malama," in ji Mai Feshi, "Baba fa aji huɗu ya yi."

"Shi ne abin da ya ɗaure mini kai. Ban ce na gane ba, kada ka ji ni da yawan magana."

Ta ce akwai bango a ɗakin karatu na makaranta da zai ɗauki shida, za ta nemi izini. Sai dai kafin a rataye abu sai an san samansa. Ta duba bayan allunan, ba rubutu, ba alamar ƙusa, ba sa hannu. Ta juyo ga Tarihi.

"Ke kika fi kowa zama da shi. Ina sama?"

Tarihi ta kalli allon nan mai siririn fari. Ta tuna wata rana ta zo ta ga farin a tsaye, wata rana a kwance, ta ɗauka yadda ya zo masa hannu yake jinginawa. Ta ce ba ta sani ba. Kunya ta kama ta, kamar ranar zanen kofi.

"To a nemi ɗigo," in ji Malama. "Duk inda fenti ya gangara, nan ne ƙasa."

Mai Feshi ya yi dariya har makullin ya faɗi. "Hawaye a aikin Baba? Malama, nemi wani abin dai." Ya shigo ɗakin yana naɗe hannun riga. "Matsa can, ke da littafinki. Mai fenti daga sama yake farowa, shafar ƙasa ita ke hawa kan ta sama. Da yatsa ake ji, ba a makaranta ake koyo ba."

Ya tsuguna gaban wani koren allo ya rufe ido, ya bi gefensa da babban yatsa a hankali. "Nan ne sama," ya ce. Don ya nuna musu, ya kai yatsa ɗaya gefen. Sai ya tsaya. Ya sake shafawa. Ya koma gefe na uku, ya koma na huɗu, fara'ar fuskarsa tana raguwa. Kowane gefe daga baki aka faro aka nufi tsakiya, kowanne sama ne. Ya jawo wani allon, haka. Ya jawo na uku, haka.

Ya miƙe ya dudduba ɗakin kamar wanda ya yar da wani abu. Sai ya sa ƙafa ya ture tsohuwar ledar da ke shimfiɗe a tsakiya. A ƙarƙashinta simintin yana da wani fili mai kusurwa huɗu, tas da shi, daidai girman allo, gefunansa kuwa fenti ne kala-kala ya hau kan juna har ya yi tudu.

"A ƙasa yake shimfiɗa su," in ji Mai Feshi, muryarsa ta sauka. "Zagayawa yake yi." Ya daɗe yana kallon wurin. "Mutumin da ya mare ni ina ɗan shekara goma sha huɗu don na faro bangon banɗaki daga ƙasa."

Ana haka Mama ta shigo da fulas ɗin shayi don baƙuwa. Shekarunta nawa ba ta taka ɗakin ba, warin fenti yana tayar mata da ciwon kai. Ta gaisa da Malama, ta sunkuya za ta ajiye fulas, sai idonta ya faɗa kan koren allon da ke jingine a ƙafar Mai Feshi. Ta tsaya a sunkuye.

"Wa ya fito da lungun kicin ɗinmu?"

Ta nuna da yatsa. Ta ce ga koren, ga duhun nan na gefe inda duron ruwa yake, ga hasken da ke faɗowa ta ƙofar baya da hantsi, a nan suke zama su jira a sauke tukunya. Tarihi ta buɗe littafi da sauri. Shekara nawa tana neman ko da bango ɗaya na gidan nan. Mai Feshi ya ɗaga allon don ya matso da shi haske, wajen ajiyewa ya juya masa a hannu.

"Tsaya," in ji Mama. "A'a. Wannan ai ƙofar ɗakin kakarku ce, daga ciki, in mutum yana kwance a gado. Haka nake ganinta lokacin jinya."

"Gwaggo, allo ɗaya ne fa. Juyawa ya yi."

"Na ga ya juya, ba makauniya ba ce ni. Ƙara juya shi."

Ya juya. Ta ce matakalar da ake hawa saman gida ce, inda suke shanya, ga ma inda take karyewa ta yi hagu. Ya juya na huɗu. Mama ta daɗe tana kallo, ta karkata kai, ta ce wannan kam ba ta san shi ba.

"Mama, wanne zan rubuta?"

"Oho miki. Rubuta duka."

Malama ta ce cikin ladabi, wataƙila Mama abin da take kewa take gani, irin wannan zane haka yake yi wa mutane, kowa ya zo da nasa gidan.

"Yarinya, a gidan aka haife ni," in ji Mama. Ta zuba shayi a kofi ta miƙa mata. Sai kuma ta waiga ga allon, ta ce a hankali, "Amma koren nan kamar bai kai haka haske ba. Ko ya kai?"

Tarihi ta rufe littafin ba ta rubuta komai ba. Ta samu mutum uku, kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon kowa da tasa, kuma ba wanda ya tsaya a kan tasa har ƙarshe.

Ranar Juma'a ta wuni a ɗakin ita kaɗai. Ta kwantar da allo ɗaya a filin nan na siminti, ya zauna ɗas, ta riƙa zagaya shi kamar yadda Kawu ya yi. Ta zagaya har jiri ya fara ɗibarta, ba ta ga lungu ba, ba ta ga matakala ba, fenti ta gani. Da ta gaji ta shimfiɗa ledar ta kwanta rigingine. A silin ɗin ɗakin akwai tabon yoyon ruwa. Ta kalle shi daga nan, ta juya kanta wajen ƙofa ta sake kallo, ya zama wani abu daban, kuma ba za a ce ɗaya ne daidai ɗaya a juye ba. Ta daɗe a kwance tana tunanin ko wannan tunani ne ko gajiya.

Da safiyar Asabar ta sami Mai Feshi a tsakar gida. Ya jera allunan a jikin katanga, ya cika tankin inji da fari, takunkumi a haɓa. Kafinta yana zaune a kan akwatin kayansa yana hamma. Ya ce mata tun ɗazu maigidan ke gyaran tiyo, tiyon da lafiyarsa ƙalau.

"To, Tarihi, me aka yanke? Gwaji ne ko kayan gado?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Kwana huɗu fa aka ba ki."

"Na sani. Na tambaya, na duba, ban gane ba. Ba zan ce maka na gane ba. Amma silin ba shi da sama da ƙasa, ko? Ta duk inda mutum ya tsaya ya ɗaga kai, daidai ne."

"Sai aka yi yaya?"

"Ka kafa su. Kada dai ka fesa."

"Shago zan buɗe, ba makarantar rainon yara ba."

Ya kalli injin, ya kalli allunan. Sai ya fara naɗe tiyo, da saurin da ya sa ta zargi dama jira yake wani ya faɗa.

"In aka yi mini dariya, gidanku zan riƙa turo mutane," ya ce.

A shago kafinta ya ɗaga allo na farko ya tambaya ta wane gefe zai sa. Mai Feshi ya kalli Tarihi, Tarihi ta kalli ƙasa. Ya ce, "Yadda ya zo maka hannu."

Talatin suka hau. Malama ta zo bayan mako guda, ta ɗaga kai har wuyanta ya ƙage. Ta ce an huda su da ƙusa, kuma zafin kwano zai farfasa fentin kafin shekara goma, wannan asara ce. Ta yi sallama ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta ƙara tsayuwar rabin awa, ta ce ko kuma ba asara ba ce, ita dai ba ta sani ba. Masu sayen fenti sukan shigo su ture takardar launuka ta kamfani, su nuna sama su ce wancan suke so, na kusa da fanka. Babu shi a kowane gwangwani. Yanzu in ka biya da safe za ka sami Mai Feshi zaune da sanda da ƙananan gwangwanaye, yana ɗigawa yana juyawa yana ɗaga kai, yana tsaki.

Allon da ya rage, koren nan, Mama ta sa aka kai mata falo aka jingine bayan kujera. In tana shara takan juya shi. Ba ta cewa komai, Tarihi ma ta daina tambaya.

Har yau Tarihi ba ta san ko ceton allunan ta yi ko lalata su ba. Shafin Kawu a littafinta yana nan da layi ɗaya, na ranar rasuwa. Sau uku tana zama za ta cika shi, takan ɗaga kai ta kalli bangon ɗakinta, wanda duk rayuwarta ta san fari ne, sai ta ga ba za ta iya rantsewa ba, ta ajiye biro. Dalili kuwa, a zuwanta na ƙarshe kafin ya kwanta, Kawu ya karɓi littafin daga hannunta, ya goge yatsunsa a wando, ya bubbuɗe shi yana kallon sunaye da shekaru har ya kai shafin da ta rubuta sunansa a sama ta bari. Ya mayar mata, ya ce:

"In kin zo rubuta ni, kada ki fara da ranar da aka haife ni, ni ma ban san ta ba. Ki fara rubuta launin ɗakin da kike zaune a ciki, da ƙarfe nawa ne. Ki yi mini wannan, kin ji, 'yar ƙanwata."